Masuntan da ba su sayar da kifi

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Mutumin da ya tashi daga Yamai yana son ya ga teku, sai ya yi tafiyar fiye da kilometir 1000 kafin ya isa Kwatano. Amma su ba baƙon abu ba ne. Akwai masunta a kogin Isa, akwai su a tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da tabkin Cadi. Masunci yana shiga ruwa don ya ci da iyalinsa. In ya kama, ya sayar. In bai kama ba, ran nan tukunya ba ta hawa murhu da wuri.

A ƙasashen bakin teku akwai waɗansu masunta na dabam. Kamun kifi ba sana'arsu ba ce. Wani likita ne, wani makaniki, wani malamin lakwal, wani tsohon soja. Ran hutu sai su tashi tun da jijjifi, su shiga ƙaramin jirgin ruwa, su yini bisa teku cikin iska da sanyi. Sau da yawa kuɗɗin man da jirgin ya sha ya fi kuɗɗin kifin da suka kamo. Wani lokaci ma, in sun kama kifin, sai su cire masa ƙugiya su mayar da shi ruwa da ransa.

Wanda bai saba ba zai ce wauta ce. Amma wasa ne, kamar kokawa ko tseren raƙuma. Ɗan kokawa ba don ya ci naman abokin karonsa yake shiga fili ba. Yana son ya gwada ƙarfinsa da dabararsa ne. Haka su ma suke gwada kansu da kifi.

Masu wannan wasa ba su cika yin sa su kaɗai ba. Suna haɗuwa su kafa ƙungiya. Jirgi yana da tsada, gara mutum huɗu ko biyar su tara kuɗɗi su saya. Teku yana da hatsari, gara wani ya san inda ɗan'uwansa ya nufa. Kuma in za a yi gasa, sai da doka da alƙali. Kowane ɗan ƙungiya yana biyan kuɗɗin shekara. Da su ake gyaran ɗakin taro, a sayi ma'auni, a sayi kyautar da za a ba gwani.

Kayan aiki

Masuncin wasa ba ya jan taru, ba ya jefa birgi, ba ya kafa mamari mai ƙugiya ɗari. Fatsa ce kaɗai makaminsa: sanda, da zare, da ƙugiya, da koto. Dā da itace ko gora ake yin sandar. Yanzu ana yin ta da wani abu da ake kira karbon, ba shi da nauyi, yana lanƙwasa amma ba ya karyewa da sauƙi. A gindin sandar akwai kwarkwaro na ƙarfe mai hannun juyawa. Shi ke ɗauke da zaren. Na manyan kifaye yana ɗaukar zare mai tsawon ɗaruruwan metir.

Cikin kwarkwaron nan akwai birki. Shi ne sirrin wasan duka. Zaren da ya fi kowane ƙarfi a gasa, kayan kilo 60 ke tsinka shi. Amma da irin wannan zare ake kama kifi mai kilo 300. Ta yaya?

Da fari dai, ruwa yana ɗauke wa kifi nauyinsa. Abin da zare ke fama da shi, ba nauyin kifin ba ne, jansa ne. Na biyu, ana saita birkin yadda in kifi ya ja da ƙarfi, zaren zai warware kafin ya tsinke. Kifin yana gudu, amma yana gudu da kaya, kamar jakin da ke jan amalanke cikin rairayi. In ya gaji ya dakata, sai masunci ya ɗaga sanda a hankali, ya sauke ta yana naɗe zaren da ya samu. Kifi ya sake zabura, ya ƙwace abin da aka naɗe. Haka za su yi ta yi, a ja a saki, har ɗayansu ya gaza. Yaron da ya taɓa riƙe ɗan maraƙi mai ƙiriniya da doguwar igiya ya san wannan dabara. In ya dage ya ƙi saki, ko igiya ta tsinke, ko ya sha ƙasa.

Kafin a fita

Teku ba tabki ba ne. Sau biyu kowace rana yana cika, sau biyu yana janyewa. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa. A gaɓar gabashin Ingila ruwan yana iya hawa metir 4 ko 5, kuma ya sauka cikin awa 6. Jirgin da yake bisa ruwa da safe, da rana sai a iske shi zaune bisa laka. Saboda haka kowace ƙungiya tana da takardar da ke nuna lokacin cikar teku na kowace rana. Wanda bai duba ta ba, sai ya komo ya iske ƙofar tasha ba ruwa, ya kwana waje yana jira.

Bayan takardar cikar teku, sai labarin iska. Ana saurarensa a radiyo, ko a duba shi a wayar hannu. In an ce iska za ta yi ƙarfi, mai jirgi yana cewa ba fita, kuma ba a yi masa gardama. A cikin jirgi maganarsa ce doka, ko da wanda ya ɗauka minista ne.

Kowa yana sa rigar da ke hana nutsewa. Ba don rashin iya iyo ba ne. Da sanyi ruwan Tekun Arewa yana sauka har digiri 6 ko 7. Wanda ya faɗa ciki, cikin ƴan mintoci hannuwansa za su sandare, ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Ana kuma ɗaukar radiyon magana. Duk jiragen duniya sun san layi na 16, layin neman agaji. In jirgi ya yi kira, jirgin ceto yana fitowa. A Ingila ƙungiyar masu ceto tana aiki tun shekara ta 1824, kuma yawancin mutanenta ƴan sa kai ne. Da mahauci, da magini, da mai kanti, in ƙararrawa ta kaɗa sai su bar aiki su sheƙa bakin teku.

Akwai wata wahala da ba ta kisa, amma tana kunyata baƙo. Jirgi yana hawa yana sauka bisa igiyar ruwa, sai jiri ya kama mutum, ya yi ta amai. Tsofaffin ƴan ƙungiya ba su yi masa dariya sosai, don kowannensu ya ɗanɗana.

Yawancin ranaku abin da ake kamowa ƙananan kifaye ne, na kilo 1 ko 2. Kowane iri yana da tsawon da doka ta yanka masa. Kifin da ake kira kod, alal misali, in bai kai santimetir 35 ba, dole a mayar da shi ruwa ya ƙara girma. Da marece a taru a ɗakin ƙungiya, a auna, a rubuta, a sha shayi, kowa ya ba da labarin ƙaton da ya kuɓuce masa. Wanda ya kuɓuce kullum ya fi wanda aka kama girma.

Dokar da ta ba kifi dama

Kusa da gaɓar Kaliforniya, a yammacin Amurka, akwai wani tsibiri mai suna Katalina. A ƙarshen ƙarni na 19 kifi ya yi yawa a wurin ƙwarai. Masu yawon shaƙatawa suna zuwa da igiyoyi masu kauri, su yi ta jawo kifi kamar masu jan guga. Ba su iya cinye abin da suka kama. Sai su tara shi bakin ruwa, a ɗauke su hoto, su bar shi ya ruɓe.

Wani masanin dabbobi mai suna Charles Frederick Holder ya ga wannan ɓarna, abin ya dame shi. A shekara ta 1898 ya fita da sanda da siririn zare, ya kama wani babban kifi mai kilo 83. Sun yi kusan awa 4 suna fama. Kifin ya ja kwalekwalensa wajen kilometir 16. A wannan shekara Holder da abokansa suka kafa ƙungiya a garin Abalon, bisa tsibirin. Tana nan har yau.

Dokokinta abin mamaki ne. Galibi mutum yana neman abin da zai sauƙaƙa masa aiki. Su kuwa sun ƙara wa kansu wuya da gangan. Zare ba zai wuce sili 24 ba. Mutum ɗaya ne zai yi fama da kifi tun daga fari har ƙarshe. Wanda ya kama kifin da ya kai kilo 45 bisa waɗannan dokoki, ana ba shi wani maɓalli shuɗi ya maƙala ga rigarsa. Maɓallin bai kai kuɗɗin komai ba, amma attajirai sun yi shekaru suna neman sa.

Dabarar Holder tana da hikima. Mai igiya mai kauri yana iya kashe kifi 20 a yini. Mai siririn zare yana iya yini bisa kifi ɗaya, kuma sau da yawa kifin ne ke cin nasara. Girma ya tashi daga wanda ya tara da yawa, ya koma ga wanda ya kama da wuya.

Ƙungiyoyi suka yaɗu cikin ƙasashe, kowace da dokokinta. A 1939 aka kafa wata babbar ƙungiya ta duniya a Amurka, ana kiran ta IGFA, don dokar ta zama ɗaya. Ita ke riƙe da littafin da ake rubuta kifin da ya fi girma cikin kowane iri. Kafin a rubuta sunan mutum, sai an tabbata ba wanda ya taɓa masa sanda ko zare lokacin fama. Ba a harbi kifin da bindiga ba, ba a soke shi da mashi ba. Kuma an auna shi bisa tudu, da ma'aunin da aka yarda da shi.

Kifin ton

Kifin da Holder ya kama, Faransawa suna kiran sa ton, Turawan Ingila suna cewa tuna. Ƙananan danginsa ne ake sa wa cikin gwangwani a sayar a kanti. Babban cikinsu shi ne ton mai jan nama na tekun Atlantika. Tsawonsa yana iya wuce metir 3. Wanda ya fi kowane girma cikin littafin IGFA, wani mutum mai suna Ken Fraser ya kama shi a Kanada a 1979. Nauyinsa kilo 679, wato kusan buhun hatsi 7. Giwan ruwa, sarkin kifayen kogi, yaro ne a gabansa.

Ton ba ya tsayawa. Sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa masa ya samu numfashi. In ya tsaya, ya mutu. Jikinsa kuma ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, abin da yawancin kifaye ba su da shi. Shi ya sa yake iya shiga ruwan sanyi ya yi farauta da ƙarfinsa. Yana zuba ƙwai a ruwan ɗumi, a Bahar Rum da mashigin tekun Meziko. In ya gama, sai ya nufi arewa neman abinci, kamar makiyayi mai bin ciyawa. Abincin da ya fi so, wani ƙaramin kifi ne mai yawan mai, ɗan'uwan sardin, ana kiran sa herin.

Shekarun Sikaboro

A gabashin Ingila, bakin Tekun Arewa, akwai wani gari da ake rubuta sunansa Scarborough, ana faɗin Sikaboro. Kowace shekara, watan Agusta da na Satumba, garken herin yana wucewa ta gabansa. Jiragen masunta na sana'a suna zuwa daga Ingila, da Sikotilan, da Holan. Da dare suna sakin taru mai tsawon kilometir 2 ko 3, ya tsaya cikin ruwa kamar danga. Da asuba su jawo. Lokacin jan nan waɗansu herin suna zubewa daga tarun. Masuntan sun daɗe suna ganin waɗansu manyan kifaye suna zuwa suna kalen abin da ya zube.

Labarin ya kai kunnen wani dattijo mai suna Lorenzo Mitchell-Henry. Ya haura shekara 60, kuma shi ke tsara sandunansa da kwarkwaronsa. A watan Agusta na 1930 ya fita wajen kilometir 80 daga gaɓa, ya kama ton mai kilo 254 da fatsa. Kafin nan ba wanda ya taɓa yin haka a ruwan Ingila.

Nan da nan garin ya cika da baƙi. Attajirai suka zo da manyan jiragensu na shaƙatawa. Da sarakai, da hafsoshin soja, da masu masana'antu, har da mata, kowa yana son ya gwada. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu kamun ton ta Ingila, ɗakin taronta yana bakin tashar Sikaboro.

Ga yadda suke yi. Babban jirgi yana kai masunci inda jiragen herin suke. In an ga ton, sai a sauke masa ƙaramin kwalekwale. Mutum biyu ne ciki: shi, da matuƙi mai filafili. Masunci yana zaune da ɗamarar fata a kafaɗunsa, an maƙala ta ga sandar. Ana watsa herin cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai guda mai ƙugiya.

In ton ya haɗiye, kwarkwaro sai ya yi ƙara, zare ya yi ta fita har ƙarfen ya yi zafi. Daga nan kifin ne mai tuƙi. Yana jan kwalekwalen inda ya ga dama, wani lokaci kilometir da yawa, har babban jirgi ya koma ɗan ɗigo can nesa. Aikin matuƙi shi ne ya riƙa juya goshin kwalekwale wajen kifin. In ya bari zaren ya ja ta gefe, sai su kife. Wani fama yana ƙarewa cikin rabin awa, wani yana cin rabin yini. Hannu ya yi kanta, baya ya ƙage, kuma doka ta hana matuƙi ya taɓa sandar ko da sau ɗaya.

Sunayen attajiran ne aka rubuta cikin littafi. Amma matuƙan, masuntan garin ne, waɗanda suka san tekun tun suna yara. In ba su, ba kifin da zai iso tudu.

Da marece jirgi yana komowa da kifin. A rataye shi bakin tasha, a auna, mutane su yi cincirindo suna kallo. A wancan zamani naman ton ba shi da kasuwa sosai a Ingila. Abin da ake nema shi ne lambar da ma'auni ya nuna, da hoton mutum tsaye kusa da kifin da ya fi shi tsawo.

Igiya jiƙaƙƙiya

A 1933 Mitchell-Henry ya kama wanda ya fi duka, kusa da garin Witbi, arewa da Sikaboro. Turawan Ingila da laba suke awo. Kifin ya yi laba 851, wato kilo 386, nauyin ƙosasshen bijimin Azawak.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da wasan daga 1939 zuwa 1945. Bayan yaƙi aka koma. A 1949 wani manomi mai suna John Hedley Lewis ya kamo wani ƙato. Aka rataye, aka auna: laba 852. Laba ɗaya tak ya ɗara na dattijon. Laba ɗaya kuwa giram 454 ne, bai kai rabin kilo ba.

Lokacin Mitchell-Henry ya haura shekara 80, amma bai yi shiru ba. Ya ce igiyar da aka rataye kifin da ita an auna ta tare da shi, kuma jiƙaƙƙiya ce. Igiya mai kauri in ta sha ruwa, ai ta fi laba ɗaya. Gardama ta kaure. A ƙarshe maganar dattijon ta ci, sunansa ya zauna cikin littafi. Manyan mutane suna faɗa bisa guntun igiya, abin yana da ban dariya. Amma duk wanda ya taɓa ganin ana gardama bisa faɗuwar ɗan kokawa, ko gwiwa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, ya san yadda abin yake a zuciyar masu shi.

Suna wannan faɗa, ba su san saura shekara 5 wasan ya ƙare ba.

Ko sama ko ƙasa

A 1954 aka kama ton na ƙarshe a Sikaboro. Shekara ta kewayo, jirage suka fita, ba kome. Wata ta sake kewayowa, ba kome. Attajirai suka daina zuwa. Ƙungiyar ta watse.

Ba masu fatsa ne suka ƙarar da kifin ba. Abin da suke kamawa a shekara ɗaya, jirgin sana'a guda yana iya kwashe shi a yini. Bayan yaƙi, kayan su na sana'a sun canza. An samu inji mai ƙarfi, da tarun nailan, da na'urar da ke gano garken kifi ƙarƙashin ruwa. An samu wani irin taru da ake kewaye garke duka da shi, a zuge ƙasansa kamar bakin jaka. Masuntan Norwe suka yi ta kwasar ton da shi cikin shekarun 1950. Can kudu kuma ana kama ƙananan da ba su kai haihuwa ba. Wajen 1963 ton ya ɓace daga Tekun Arewa baki ɗaya.

Abincinsa ma bai tsira ba. An yi ta kwasar herin, har ana niƙa shi a yi abincin kaji da aladu. Garken da ake tsammani ba ya ƙarewa ya ƙare. A 1977 hukumomi suka hana kamun herin a Tekun Arewa, aka yi shekaru kafin a sake buɗewa. Masana suna ƙara wani dalili, wato canjin ɗumin ruwan teku. Wannan karon ba masu wasa kaɗai suka yi hasara ba. Dubban masunta na sana'a, da matan da ke gyaran kifi bakin tasha, sun rasa abin yi.

Dokar Holder ta hana ɗan ƙungiya ɓarna. Amma ba ta da iko bisa jirgin da ba ya cikin ƙungiya. Kifin da ke yawo daga Bahar Rum zuwa Norwe, sai ƙasashe sun haɗa kai kafin a tsare shi. A 1966 suka sa hannu bisa wata yarjejeniya, aka kafa hukumar kula da ton na Atlantika, mazauninta a Madrid. Ta daɗe ba a jin maganarta. Naman ton ya yi tsada ƙwarai a kasuwar Japan, kowa yana kama fiye da rabonsa. Sai daga 2007 aka tsananta. Aka rage yawan da kowace ƙasa za ta kama, aka hana kama wanda bai kai kilo 30 ba, aka sa masu sa ido cikin jirage.

Baƙon ya komo

Wajen 2014 masu jirage a kudu maso yammacin Ingila da gaɓar Ailan suka fara ganin manyan kifaye suna tsalle bisa ruwa. Da fari waɗansu ba su yarda ba. Ashe ton ne. Kowace shekara suna ƙaruwa. Aka gan su kuma tsakanin Danmak da Suwidin, inda aka yi shekara 50 ba a gan su ba.

Ƙungiyoyin masu fatsa suka nemi a ba su izini. Amma ba su roƙi a bar su su rataye kifi bakin tasha ba. A 2021 hukumar Ingila ta yarda waɗansu jirage ƙalilan su yi aiki tare da masana. A shekarar nan kaɗai aka kama ton wajen 700, aka sa musu alama, aka sake su. Daga 2024 aka fara ba masu wasa takardar izini, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda aka kama, a mayar da shi da rai.

Wasan ya canza kama. Dā ana yabon wanda ya yi awa 6 yana fama. Yanzu ana son a gama da sauri, don kifin da ya gaji ainun yana iya mutuwa bayan an sake shi. Ƙugiyar ma an sake mata siffa. Bakinta ya lanƙwashe ciki, yadda za ta kama gefen baki, ba ta shiga ciki ta yi rauni ba.

In kifin ya iso gefen jirgi, ba a fitar da shi daga ruwa. Mutum ɗaya yana riƙe shi ta leɓe. Wani yana miƙa igiyar awo daga baki zuwa wutsiya, ya faɗi tsawon, a rubuta. Daga tsawon ake lissafa nauyi, ba a bukatar ma'auni ko igiyar rataya. Sai a soka masa wata ƴar alama mai lamba kusa da ƙayar baya. In wani ya sake kama shi a Ispaniya ko a Norwe, lambar za ta nuna inda ya fito da tafiyar da ya yi.

Saura aiki ɗaya. Ton ba ya numfashi sai yana tafiya, kuma yanzu ya gaji. Mai jirgi yana sa inji a hankali, ana jan kifin gefen jirgi, kansa gaba, ruwa yana shiga bakinsa. Minti 5, minti 10, wani lokaci fiye. Kowa ya yi tsit yana duban wutsiya. In ta fara kaɗawa da ƙarfi, mai riƙe da shi ya buɗe hannu, kifin ya juya ya nutse.